Yawon Keke a Dajin Baturiya

Mutanen Kafin Hausa sun san kogin da ake kira da sunan garinsu, amma ba kowa ne ya taɓa tambayar inda ruwansa yake zuwa ba. Kogin nan reshe ne na Kogin Haɗejiya. Yana rabuwa da shi a wajen Miga, ya miƙe gabas ta cikin fadamu har ya kai ƙasar Kiri Kasamma. A can ne, in damina ta yi nisa, yakan cika ya batse, ya malala cikin wani daji mai tafkuna da yawa, da itatuwan gabaruwa da goruba. Sunan wurin Dajin Baturiya. Masanan tsuntsaye sukan taso tun daga Turai su zo su dube shi, ga shi kuwa akwai yara da yawa a ƙasar Haɗejiya waɗanda suka gama sakandare ba su taɓa sa ƙafa a ciki ba.

Abin da muke so mu faɗa wa iyalai a wannan wata shi ne, dajin nan wurin zuwa ne, abin hawan da ya fi dacewa da shi kuwa yana nan jingine a zaure ko a bayan rumbu, wato keke.

A dā keke abin alfarma ne a ƙasar nan. Malamin makaranta da ma'aikacin asibiti da ɗan kasuwa, kowa burinsa ya mallaki Raleigh sabo, ya goge shi da safe, ya naɗe masa kaho da roba mai launi. Har masana'antar haɗa shi aka kafa a Kano. Yau babur ya ture shi, titi kuma ya zama na masu gudu. Uwa ba ta iya sakin yaronta ya hau keke a kan hanyar Haɗejiya hankalinta a kwance, gama ta san yadda manyan motoci suke wucewa. Ba yara kaɗai ba ne. A shekarar 2001 Ministan Sufuri na lokacin, Ojo Maduekwe, ya riƙa kiran mutanen Nijeriya su koma ga keke, shi kansa ya hau ya nufi ofis a Abuja, sai wata motar bas ta ture shi ya faɗa rami. An yi ta dariya, amma abin ba na dariya ba ne. In minista bai tsira a kan titi ba, ina ɗan shekara goma?

Saboda haka ne wurin da mota ba ta bi yake da daraja. A irin wurin ne yaro zai saki jiki ya koyi tuƙi, uba ya bi shi a baya suna hira, uwargida ma da ta daɗe ba ta hau ba ta gwada ko ƙafarta ta tuna.

HANYOYIN DA KE CIKI

Kada mai karatu ya tafi da tsammanin hanyar siminti da alluna masu kibiya. Hanyoyin Baturiya ƙafa ce ta yi su. Akwai turbar masunta da ke gangarawa bakin tafki, akwai ta mata masu yankan kaba, akwai burtalin shanu, akwai kuma sawun amalanke da ke haɗa wannan ƙauye da wancan. Yawancinsu sun yi wa mota ƙanƙanta, wasu kuma ruwa yana yanke su wata da watanni, shi ya sa suka zauna shiru.

Wanda zai bi su da keke yana bukatar ya gane fasalin ƙasar. Wannan yanki duka jigayi ne da fadamu, suna kwance jeri-jeri, tudun yashi a nan, kwarin laka a can, sa'an nan wani tudun kuma. Daga nan ne ma jihar ta samo sunanta sa'ad da aka yanke ta daga Jihar Kano a 1991. A kan jigawa yashi yana da laushi, taya takan nutse, mai keke ya yi ta gumi, a ƙarshe ya sauka ya tura. A tsakiyar fadama kuwa, in ruwa bai daɗe da janyewa ba, laka ce za ta riƙe ka. Wuri mai daɗin tuƙi shi ne tsakanin biyun, wato gefen fadama inda laka ta bushe ta yi tauri kamar daɓe. In ka sami irin wannan turba, keke tafiya yake kamar a kan kwalta. Amma fa inda shanu suka tattaka tun ƙasa tana da danshi, takan bushe da ramukan kofato, wanda ya bi ta nan da gudu haƙoransa za su gaya masa. Mutanen ƙauyen sun san duk waɗannan wurare, tambayarsu ta fi kowace taswira.

To, me ya sa keke, ba babur ba? Amsar tana kunne. Babur yana da ƙara, tun yana nesa tsuntsaye sun ji shi sun tashi, mai shi ya iso bakin tafki ya tarar da ruwa kawai. Keke ba ya magana. Kana iya zuwa kusa da garken agwagin ruwa suna kiwonsu ba su kula ba, muddin ba ka taɓa ƙararrawa ba. Tafiya a ƙasa ma shiru ce, amma dajin yana da fāɗi, yaro kuwa yakan gaji. Mai ƙafa yana cin kilomita 4 ko 5 a awa guda, mai keke a turba mai kyau yana ninka wannan ba tare da ya wahala ba. Ga shi ba ya shan mai, ba ya haƙa rami a hanya, in kuma an iske ƙorama sai a saɓa shi a kafaɗa, ko a ɗora shi a kwalekwale.

ABIN DA IDO ZAI GANI

Itacen da ya fi yawa a wuraren da ruwa yake kwanciya shi ne gabaruwa, wadda wasu ke kira bagaruwa. Tana jimre ruwa ya tsaya a gindinta wata biyu ko uku, abin da yawancin itatuwa ba sa iyawa. 'Ya'yanta ne majema suke jiƙawa su jeme fata da su, itacenta kuwa yana da tauri, yana ci da wuta sosai, wannan ne ma ya jawo mata wahala, kamar yadda za mu gani. Kusa da ita akwai giyayya, ita ma mai son bakin ruwa. Da an hau tudu kaɗan sai goruba, itacen da yake rabuwa biyu, kowane reshe kuma ya sake rabuwa biyu. Da kabarta ake saƙa tabarma da igiya da faifai, yara kuma ba sai an koya musu yadda ake gwaguyar 'ya'yanta ba. Sa'an nan ga kanya, ga tsamiya, ga aduwa da magarya, ga kuka nan da can.

A tsaya a gindin gawo a tambayi yara abin da suka lura. Yawancin sauran itatuwa suna zubar da ganye da rani, su yi kore da damina. Gawo nasa dabam ne, da damina yake tsirara, da rani ya yi lif. Manomi yana sonsa a gona domin ba ya tare wa gero rana, ganyen da ya zubar kuma taki ne, makiyayi yana sonsa domin 'ya'yansa abincin dabbobi ne a lokacin da ciyawa ta ƙare. Yaron da aka nuna wa wannan da idonsa ba zai manta ba, ko da ya manta abin da aka rubuta masa a allo.

Amma tsuntsaye ne suka sa sunan Baturiya ya fita duniya. Akwai 'yan gida, waɗanda suke nan shekara duka ko suna kai da kawowa kusa: dinya mai baƙin baya da farin ciki, kirinjijiya mai farar fuska da ke tashi garke-garke tana fito, zalɓe tsaye cikin ruwa kamar an dasa shi, balbela a bayan shanu, jinjimi, cilakowa, hasbiya. Akwai kuma baƙi. Daga watan Oktoba, sa'ad da sanyi ya fara rufe Turai da arewacin Rasha, dubban tsuntsayen ruwa sukan taso su haye teku, su haye Sahara, ruwa na farko mai yawa da suke tararwa a wannan gefen kuwa shi ne irin na fadamun Haɗejiya da Nguru, da Tafkin Cadi, da fadamun Kogin Kwara a Mali. Cikinsu akwai wata ƙaramar agwagwa wadda namijinta yake da farin zane a saman ido, da wata mai dogon wuya da wutsiya mai tsini, da ƙananan tsuntsaye masu dogayen ƙafafu da ke bin gonakin shinkafa bayan girbi. Wani lokaci akan sami tsuntsu da ɗan zobe a ƙafa, da lamba da sunan wata ƙasa a jiki. Ba sihiri ba ne. Masana ne suka sa masa domin su gane hanyar da yake bi.

Shamuwa kam ba za ka gan ta da hunturu ba, tata tafiyar dabam ce. Ita tana zuwa gab da faɗuwar ruwa, ta yi sheƙa a cikin gari, in damina ta wuce ta nufi kudancin Afirka. Gauraka kuwa, wanda tsofaffi suka saba gani yana rawa a fadama da tukkunsa mai ruwan zinariya, ya yi wuyar gani a Nijeriya yanzu, domin kamawa da aka yi ta yi da kuma ɓacin wuraren da yake kwana. Wanda ya yi sa'ar ganinsa, ya tsaya ya more kallo.

YADDA DUNIYA TA SAN DA WURIN

A shekarar 1971 ƙasashe suka taru a wani gari da ake kira Ramsar a Iran, suka ƙulla yarjejeniyar kiyaye fadamu da tafkuna masu muhimmanci. Wuri na farko da Nijeriya ta sa a jerin shi ne Tafkin Nguru da mashigin Marma, a shekarar 2000. Baturiya ta shiga a 2008, da fāɗin hekta 101,095, an kuma rubuta a takardun cewa ambaliyar Kogin Kafin Hausa ce take ciyar da ita kowace shekara. Tun kafin wannan, a 1987, an kafa shirin kiyaye fadamun Haɗejiya da Nguru, wanda ya riƙa ƙidayar tsuntsaye da auna ruwa. A 1989 Yarima Filip, mijin Sarauniyar Ingila, ya zo kallon tsuntsaye a Dagona, can gaba a ƙasar Bade. A 2020 kuma gwamnatin tarayya ta amince a mai da wurare goma manyan gandayen daji na ƙasa, cikinsu har da wannan fadama ta Haɗejiya da Dajin Falgore na Kano.

Suna a takarda abu ne mai kyau, amma takarda ba ta hana gatari.

ABIN DA KE CIN DAJIN

Abu na farko ruwa ne. An gama madatsar Tiga a 1974, ta Challawa kuma a 1992, dukansu a saman kogin da yake kawo mana ruwa. Sun amfani Kano da manoman rani, ba mai musun wannan. Amma sun sāke halin kogin. A shekarun 1960 ambaliya takan rufe fiye da murabba'in kilomita 2,000 a fadamun Haɗejiya da Nguru, bayan madatsun da shekarun fari kuwa akwai lokutan da ba ta kai rabin haka ba. Wani abin kuma, a dā kogi yakan cika da damina ya ƙafe da rani, yanzu ana sako ruwa kaɗan-kaɗan har da rani. Wannan ne ya yi wa ciyawar kacala daɗi. Ta yaɗu ta toshe hanyoyin ruwa, yashi da laka suka taru a bayanta, sai wani wuri ya rasa ruwa, wani kuma ya nutse. Kogin Kafin Hausa kansa ya sha wannan toshewa. Kacala kuma mafaka ce ga jan-baki, tsuntsun da manomin gero da shinkafa ba ya ƙaunar jin sunansa. Duk da haka shekarar ruwa mai yawa ba ta daina zuwa ba, mutanen Jigawa ba za su manta da ambaliyar 2020 da ta 2022 ba.

Abu na biyu itacen wuta ne. Birane suna girma, kowace tukunya tana bukatar wuta, kananzir da gas kuwa sun fi ƙarfin talaka. Gabaruwa tana da farin jini a wurin masu sayar da itace da masu gawayi. Motar da za ka fi haɗuwa da ita a gefen daji irin wannan ba ta masu yawon kallo ba ce, ta ɗaukar itace ce. Ba daidai ba ne a ɗora wa mai saran laifin duka, gama shi ma abincin gidansa yake nema, kuɗin da yake samu kuwa bai kai na dillalin da ke birni ba. Amma itacen da ya yi shekara 30 yana girma, yini guda ya isa a kayar da shi. Sa'an nan ga gonaki suna matsowa, ga dabbobi suna ƙaruwa, ga masu tarko da masu bindiga.

Ina keke ya shiga cikin wannan magana? Ya shiga ta nan: daji ba ya samun mai kāre shi sai in akwai mutanen da suke zuwa cikinsa suna jin daɗinsa, da kuma mutanen kusa da suke cin abinci ta dalilin tsayuwarsa.

ABIN DA WASU SUKA YI

Misali mafi kusa da mu yana Kenya. A cikin birnin Nairobi akwai Dajin Karura, mai fāɗin hekta 1,000 da 'yan kai. A ƙarshen shekarun 1990 aka fara yanka shi ana raba wa masu hannu da shuni su gina gidaje. Wata mace, Farfesa Wangari Maathai, ta tashi da mutanenta suka ƙi. A watan Janairu na 1999 aka yi musu dūka sa'ad da suka je dasa itatuwa a wurin, ita kanta aka fasa mata kai. Amma dajin ya tsira, ita kuma aka ba ta lambar yabo ta Nobel a 2004. Abin lura shi ne abin da ya biyo baya. Karura a dā maɓoyar ɓarayi ce, mutane suna tsoron shiga. Daga 2009 mazauna kusa suka haɗa kai da hukumar gandun daji, aka shinge shi, aka share turbobi, aka ɗauki matasan unguwannin talakawa da ke gefensa aikin tsaro da gyara. Aka kuma sa kekunan haya a bakin ƙofa. Iyalai suka fara cika shi ran Asabar da Lahadi. Wanda zai ce zai yanka Karura yanzu, da dubban mutanen da suka koya wa 'ya'yansu keke a ciki zai yi faɗa.

A ƙasar Holan akwai gandun Hoge Veluwe, wanda aka kafa a 1935. A ƙofofinsa akwai fararen kekuna fiye da 1,500, duk wanda ya biya kuɗin shiga sai ya ɗauki ɗaya ya hau, in ya gama ya ajiye wa na baya. An yi musu hanyoyinsu dabam da na mota, tsawonsu kamar kilomita 40. A Ingila kuma wasu masu son keke a birnin Biristol suka kafa ƙungiya a 1977, suka karɓi wata tsohuwar hanyar jirgin ƙasa da aka daina bi, suka mai da ita hanyar keke da ƙafa mai tsawon mil 13 zuwa garin Bath. Yawancin aikin farko masu sa kai ne suka yi shi da hannunsu.

Ba mu ce a kwaso tsarin Holan a dasa a Kiri Kasamma ba. Fararen kekuna 1,500 ba su ne bukatarmu ba, kwalta a cikin fadama kuma ɓarnar kuɗi ce, ruwan damina biyu zai tafi da ita. Na Karura ne ya fi kama da abin da za mu iya. A zaɓi turba biyu ko uku waɗanda suke nan tun dā, ɗaya gajeriya domin yara, ɗaya doguwa domin matasa. A shafa wa 'yan itatuwa farar ƙasa don kada baƙo ya ɓata. A yi shawara da dagatai da ma'aikatan daji a hana babur da mota bin waɗannan turbobi. Mai faci na ƙauye ya ajiye keke biyar ko shida na haya. Samarin da suka san kowane tafki da sunan kowane tsuntsu su zama 'yan jagora, a biya su abin kirki. Mata su sayar da fura da soyayyen kifi da tabarmin kaba. Ba abin da ya fi ƙarfin ƙaramar hukuma a cikin wannan. Ga kuma Jami'ar Sule Lamido a Kafin Hausa, wadda aka kafa a 2013, cike da ɗalibai masu ƙarfin ƙafa, waɗanda wasunsu ilimin itatuwa da dabbobi suke karantawa.

Amma iyali ba sai sun jira an yi wannan ba.

IN ZA KU TAFI

Lokaci mafi kyau daga ƙarshen Nuwamba ne zuwa Fabrairu. Ruwa ya janye daga turbobi amma tafkuna ba su ƙafe ba, baƙin tsuntsaye suna nan, rana kuma ba ta yi zafi ba. Hutun makaranta na Disamba ya faɗo daidai tsakiyar wannan lokaci. Kada ku bi babban titi a kan keke da yara. Ku ɗora kekunan a mota zuwa Haɗejiya, daga nan ku nemi mai zuwa wajen Baturiya, ku fara tuƙi inda hanyar mota ta ƙare. Gida biyu ko uku su haɗa kuɗin mota, abin zai zo da sauƙi, tafiyar ma ta fi daɗi.

Da kun isa, ku fara gai da mai gari, ku nemi ma'aikatan gandun daji ku faɗi abin da ya kawo ku. Wurin a ƙarƙashin doka yake, ba a shiga haka kawai. Ku roƙa a haɗa ku da ɗan jagora, ku kuma yi ciniki da shi tun kafin a tashi. Shi ne zai gaya muku inda ruwa bai janye ba, da inda ya kamata a kauce. Wani lokaci akan sami saɓani tsakanin manoma da makiyaya a wannan yanki, musamman lokacin girbi, mutanen gari kuwa su ne suka san halin da ake ciki a makon da kuka zo.

Babban abokin gāban mai keke a nan ƙaya ce. Ta gabaruwa da ta aduwa suna da tsawo, tsidau kuma yana kwance a ƙasa yana jira. Kada a tashi ba famfo, da kayan faci, da tif guda na ajiya, da sifana. Maigida ya duba birki da sarƙa tun daren jiya. Taya mai fāɗi ta fi siririya a ƙasa irin wannan, in kuma an rage mata iska kaɗan takan fi riƙe yashi. Tsohon keken gida mai kariya ya isa, ba sai mai giya ba. Yaron da bai kai tuƙi ba, a ɗaure masa matashi a kariya, a kuma lura da ƙafarsa kada ta shiga tsakanin wayoyin taya, gama wannan rauni ne da asibitocinmu suka saba gani.

Ku ɗauki ruwan sha daga gida, fiye da yadda kuke tsammani za ku sha. Kome kyan tafki, kada a bar yara su yi wanka ko su yi wasa a ciki. Ruwan da yake tsaye a fadama shi ne gidan ƙananan dodon koɗi masu ɗauke da cutar tsargiya, ƙwayar cutar kuwa ta fata take shiga, ba sai an sha ba. Kowa ya sa takalmi mai rufe ƙafa, kada kuma yaro ya cusa hannu cikin rami ko ƙarƙashin busasshen itace, saboda kububuwa da kunama.

In kun haɗu da garken shanu a burtali, ku sauka ku koma gefe, ku gai da makiyayin. Hanyar tasu ce tun kafin a ƙera keke. Haka nan kada a ratsa gonar mutum ko a taɓa komar masunci. Danƙo ya zauna a gida, ko da yaro zai yi kuka. Rediyo da waƙar waya su ma su huta. Leda da robar ruwa kuwa, yadda suka zo haka za su koma, domin saniyar da ta haɗiye leda ciwo ne ya same ta.

Ku ba kowane yaro ɗan littafi da fensir ya rubuta sunan duk itace da tsuntsun da ɗan jagora ya nuna masa. Za ku ga sun mai da abin gasa. In akwai kaka a gida mai sauran ƙarfi, a tafi da shi, ko da zai zauna ne a inuwa a bakin tafki na farko. Ya san sunaye da amfanin itatuwa waɗanda babu su a littafin makaranta.

Tsuntsaye sun fi motsi da sassafe da kuma bayan la'asar, saboda haka a kama hanya da wuri, a huta da tsakar rana a gindin tsamiya, a juyo tun rana tana sama, gama duhun hunturu ba ya sallama, sauron fadama kuma da faɗuwar rana yake fitowa. Wanda ya makara har Maris zai tarar baƙin sun fara tashi zuwa arewa, tafkuna suna tsukewa, yashi ya yi zafi. Daga nan sai shamuwa ta iso, hadari ya haɗu a gabas, kafin ƙarshen Agusta kuma turbobin da kuka bi sun koma ƙarƙashin ruwa, sai mai kwalekwale.